Dahuwar Farko Tata Ce

Ni wawa ne, kuma ba ƙaramin wawa ba. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Shekara goma sha biyu ina hana matata barci da hannuna, har ina yi mata kirari a kai, sannan in gari ya waye in fita neman wanda ya hana ta barcin. Na tuhumi zakara, na tuhumi jaki, na tuhumi aljanu, har ɗaki sabo na gina. Mai laifin kuwa yana zaune a ƙofar ɗakinta kullum bayan isha'i, da mafici a hannu, yana hura gawayi. Yau damina biyu ke nan da rasuwarta, Allah Ya ji ƙanta.

Karatuna bai taka kara ya karya ba. Allo na yi har inda malam ya gaji da ni. Boko kuwa na yaƙi da jahilci ne, shi ma jahilcin ne ya ci rabin yaƙin. Sana'ata noman albasa a fadamar Danchadi, ƙasar Boɗinga, da damina kuma gero da dawa kamar kowa. Abu ɗaya na iya wanda ba kowa ya iya ba a unguwarmu, shi ne dafa shayin Buzaye.

Ina saurayi na koyo shi, lokacin da nake zuwa cin rani birnin Sakkwato ina dako a kasuwa. Akwai wasu Buzaye masu gadin shaguna, nakan raɓe wajensu in an tashi aiki. Ga wanda bai san shayin nan ba, ba irin na mai tebur ba ne da madara da burodi. 'Yar buta ce da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, a zuba mata ganye, a ɗora kan garwashi, ta yi ta tafasa har ruwan ya yi duhu. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Dahuwar farko ɗaci gare ta kamar maɗaci, ɗan kofi mitsitsi amma sai ka ji shi har cikin kunne. A ƙara ruwa da sukari kan ganyen nan, ta biyu ta sassauto. Ta uku kuwa ganyen ya riga ya mutu, ruwan zaƙi ne kawai mai ƙanshi. Kuma abin yana da ladabinsa. Kofin farko na babba ne, ko baƙon da ake girmamawa, da hannu biyu ake miƙa masa. 'Yan raɓe irina, ta uku ce tamu.

To ni ta ukun ta yi mini. Allah Ya halicce ni da son zaƙi kamar kiyashi. Da na girma na kafa tawa majalisar a gindin dogon yaron ƙofar gidana, ni ke dafawa, sai na zama mai ladabin da babu irinsa a Danchadi. Kullum wani nake miƙa wa na farko. "Haba, ina ni ina na fari ga manya zaune?" Ko da wanda ke zaunen na girme shi da shekara biyar. Mutane suna ta yaba tawali'una, ni kuwa sukari nake jira.

Majalisa ba ta mutuwa rana ɗaya. Wannan ya rasu, wancan ƙafa ta hana shi fitowa, wani ɗansa ya ɗauke shi ya kai birni. Ranar da muka kai abokina na ƙarshe makwancinsa, na dawo na zauna gindin dogon yaron nan ni kaɗai bayan isha'i. Na dafa na farko, na ɗaga kofi, babu wanda zan miƙa wa. Zubarwa almubazzaranci ne, sha kuwa ba zan iya ba, kuma ba a kaiwa ga ta uku sai an bi ta kan ta farko. Sai na kwashi buta da murhu na shiga cikin gida.

Matata 'yar Kajiji ce, can ƙasar Shagari. Ita kaɗai na taɓa aure, ba don kirki ba, don dai babu wata da ta ƙara yarda. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta yi kuwa takan zauna daram. A lokacin 'ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, sai babban ɗanmu da matarsa a nasu sashen. Na same ta zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana gyaran wake. Na durƙusa kamar bafade gaban hakimi, na miƙa kofin da hannu biyu.

"Ranki shi daɗe, sarauniyar Kajiji. Na fari na manya na."

Ta dube ni, ta dubi kofin. Ta ce, "Malam, abokai sun ƙare, an tuno da mu?"

"Sha dai, kar shi huce."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Wanga abu kuke taruwa ku sha da sunan daɗi?"

Amma ta shanye. Na biyu na miƙa wa ɗanmu ta kan katanga, na uku na lashe abina har da kumfa.

Tun daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Ana sallame isha'i in shigo, in hura gawayi, in durƙusa, in yi kirarin, ta karɓa. Shayin Buzaye ba ya son gaggawa, kafin a kai ta uku an yi zama mai tsawo. A wannan zaman ne na fara sanin matar da na aura shekara talatin da suka wuce. A nan na ji cewa tana yarinya ta taɓa ɓatar da awakin babanta ta wuni kan tsamiya don tsoron duka. A nan na ji ashe ba ta son miyar kuka, alhali ita ta fi yi mana saboda ni. Da can ina majalisa ina gyara duniya da baki, ita tana cikin gida ita da fitila.

Ni ina tashi daga nan in faɗi kamar buhun albasa, sai kiran assalatu. Saboda haka ba zan iya ba ku labarin darenta ba, ba na nan. Abin da na sani shi ne abin da safiya ke nunawa, wato fayafai. Ta iya saƙar faifai tun tana gida, amma da can a wata ta yi biyu ko uku. Sai ga faifai kan faifai, masu ja da kore, sun cika bango, sun cika bayan gado. Duk gidan da ake biki a unguwa sai ta kai kyauta. Ni kuwa ina ta alfahari a bakin masallaci, "Tawa ba ta san lalaci ba, tsufa ma ƙara mata himma ya yi." Ban taɓa tambayar kaina yaushe take saƙa su ba, alhali da rana ina ganinta tana daka, tana girki, tana taya mu gyaran albasa.

A hankali abin ya fara nunawa a jikinta. Idanu suka faɗa, ciwon kai ba ya barinta. Wata rana tana yanke lawashi gyangyaɗi ya sace ta, wuƙa ta shiga yatsa. Na yi mata dariya, na ce tsohuwa ta fara yanka kanta don kwaɗayin nama. Dariya ta ƙare ranar da ɗanmu ya ɗauke ta a babur za su suna Kajiji. Suna cikin tafiya barci ya kwashe ta a baya, ta zame ta faɗi. Allah Ya sa cikin rairayi ne, kafaɗa ce kawai ta goce.

A asibiti, a Boɗinga, aka gyara kafaɗar, aka auna ta, aka ce jininta ya hau sosai. Ma'aikaciyar ta tambaye ta, "Inna, kina samun barci?"

Ta ce, "Kaɗan-kaɗan, wajen asuba."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Ranar na fara ji. Mata da miji, gida ɗaya, a bakin baƙuwa na fara ji. Ma'aikaciyar ta ce mata ga magani, a rage gishiri, amma in ba a samu barci ba maganin ma wahala zai sha. Ta tambaya ko tana cin goro ko shan shayi mai ƙarfi. Kafin matata ta buɗe baki na riga ta. Na ce, "Goro ba ta ci. Shayi kuwa ɗan kofi guda na, kamar murfin kwalba. Ni da muke sha tare, ko ganga anka buga kaina ba ni tashi." Matar ta ce to, a dai kula. Matata ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Daga nan na ɗaura ɗamarar neman wanda ya sace barcin matata. Zakaranmu na fara kamawa, wani ja mai cara ba lokaci. Na yanke masa hukunci, aka yi farfesu, rabinsa ma ni na ci. Barci bai zo ba. Na ce jakin maƙwabci ne, na je na yi ta mita har bawan Allah ya mayar da turkensa bayan gari. Barci bai zo ba. Na hau babur har Horo Birni wajen wani malami da ake yabo, mutumin kirki, ya yi mata addu'a, ya ba da rubutu, ya koya mata abin da za ta riƙa karantawa in ta kwanta. Nakan ba ta rubutun da magariba, bayan isha'i kuma in bi shi da kofin farko, wai don ya kora shi ciki.

Ana haka ta tafi Kajiji gidan ƙanenta ta yi kwana goma. Ta dawo fuska ta ciko, ido ya washe. Ƙanen nata da ya rako ta ya ce, "Yaya, can barci take kamar jinjira, har sai an tashe ta salla." Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Ni sai na buga cinya na ce na gano, ɗakin ne ke da iska. Shekarar albasa ta yi kyau, na sa aka buga tubali, na gina mata ɗaki sabo fil a ɗaya kusurwar gidan, aka yi sauka, aka turara. Ranar da ta tare na ɗauki murhuna na bi ta can, har da ƙarin ganye don murna.

Sai matar ɗana, cikin kunya, ta aiko mijinta ya gaya mini cewa ta lura duk lokacin da na bi motar albasa kudu, Inna tana barci lafiya. Na ce shi ke nan, minsharina ne. Na kwashi tabarma na koma zaure. Kwana goma sha biyar sauro yana walima da ni, ina jin kaina gwarzon miji. Amma ko daren guda ban tafi zauren ba sai na dafa, na durƙusa, na miƙa.

Duk wannan hauka da nake yi tana kallona. In na dame ta da tambaya sai ta ce, "Malam, bar wahal da kanka. Tsufa na."

Wadda ta kama ɓarawon jikata ce, 'yar babbar 'yarmu, wadda ke karatun kiwon lafiya a Sakkwato. Ta zo hutu bayan an cire albasa, da tarin takardu a jaka. Aikin ƙarshen karatunta ne, wai tana bin tsofaffi tana tambayarsu yadda shan shayi yake da barcinsu. Da hantsi ta same ni gindin dogon yaro, kakarta ta tafi gaisuwa maƙwabta.

Ta ce, "Tsoho, zauna da kyau, bincike za ni yi kanka."

"Mi nis sata?"

"Sai mun gama mu gani."

Na ce, "Likitan kaji, ashe abin da anka tura ki koyo ke nan? Ko shayi na hana barci? Rubuta, kin samu amsa: ba shi hanawa. Ni na hujja. Ki koma ki gaya ma malamanku su huta."

Ta yi dariya ta ce ai masu binciken sun wuce wannan wurin. Da can, in ji ta, tambayar ita ce yana hanawa ko ba ya hanawa, kowa ya kawo tasa hujjar kamar yadda na kawo tawa, aka yi ta musu. Yanzu sun gane tambayar ce ba ta cika ba. Abin da suke bi shi ne wane irin ganye, ya daɗe a wuta ko bai daɗe ba, ƙarfe nawa aka sha, kuma wa ya sha. Ta ce a cikin ganyen akwai abin da ke buɗe ido, akwai kuma wani da ake ganin yana kwantar da hankali, shi ya sa wani ya sha ya natsu, wani ya sha ya kwana kallon rufi. Jikin wani yana saurin fitar da mai buɗe idon, na wani yana riƙe shi, tsufa kuma yakan sa barci ya yi sauƙin gudu. Har ma, ta ce, sun fara daina dogara da bakin mutum kaɗai, akwai abin da ake ɗaura wa mutum a hannu kamar agogo yana lura da barcinsa, don mutane irina ba su san abin da ke faruwa in sun rufe ido ba. Kuma har yanzu ba su gama yarda da juna ba.

Na ce, "Wato dai su ma majalisa suke yi, sai dai su ana biyansu."

Ta buɗe takarda. "Ƙarfe nawa kake sha?"

"Bayan isha'i."

"Kofi nawa?"

"Guda."

"Wace dahuwa?"

"Ta uku mana. Kowa ya san ni da ladabi."

"To wa ke shan ta farin?"

Na buɗe baki da fara'ata, don ina son wannan labarin, har na fara kwaikwayon yadda nake durƙusawa. Sai na ga ta ajiye biro.

"Kaka ke shan ta fari? Kullum? Da dare?"

"Girmamawa ta."

"Tun yaushe?"

Na gaya mata. Ta dubi ƙofar gida. Sannan ta ce, da wata murya da ba ta wasa ba, "Tsoho, ƙarfin ganyen nan a dahuwar farko yake fita, balle yadda kake barinta ta daɗe a wuta. Kafin a zo taka, saura kaɗan. Kai ruwan sukari kake sha. Ban ce shi kaɗai ne ba, akwai hawan jini, akwai shekaru. Amma a gwada a gani."

Na fara musu, don musu ba ya yi mini wuya. Na ce ke da aka haifa jiya. Ina cikin faɗa sai lissafi ya fara yin kansa a kaina. Kajiji, kwana goma, babu mai dafa shayi. Tafiyata kudu, buta tana rataye. Sabon ɗaki, na bi ta da murhu. Wallahi sai na ji kamar zakaran nan da na ci yana cara a cikina.

Ta ɗauki biro ta ce me za ta rubuta a wajen bayani. Na ce ta rubuta wawa guda, namiji, ɗan Danchadi. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Kuna tsammani na je na durƙusa na nemi gafara? Ba ku san ni ba. Daren nan na dafa kamar kullum, na zuba na farko, na ɗaga kofin sama na ce, "Yau an yi juyin mulki. Sarki ya karɓi abinsa." Na rufe ido na kwankwaɗe. Ɗacin ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙaya. Da aka kai ta uku na miƙa mata. Ta daɗe tana kallona kafin ta karɓa. Ta kurɓa ta ce, "Ruwan wankin buta."

Ta kwanta, ba a jima ba na ji numfashinta ya daidaita. Ni kuwa idona kamar an sa masa tsinke. Na juya dama, na juya hagu, na karanta duk abin da ya rage mini na allo, bai kai ko'ina ba. Na tashi na jingina da bango kusa da gadonta, sai na ji wurin ya yi santsi a bayana. Da na haska, shafen bangon ya goge daidai faɗin bayan mutum, ga 'yar tocila rataye a ƙusa, ga damin kaba a gefe inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. Ɗakin da na gina shekara huɗu kacal da suka wuce, har ta cinye bangonsa da zama. Dare ɗaya na yi a wurin, kafin assalatu na ji kamar in fasa ihu.

Daga nan ta fara barci. Ba kullum ba, amma ta fara. Da muka koma asibiti na faɗi gaskiya da bakina, aka ce da yadda zuciyarta ke bugawa ta bar mai ƙarfin gaba ɗaya, ko da rana. Na farko sai na riƙa ajiye wa ɗanmu ya sha da safe kafin ya tafi fadama. Saƙar faifai ta tsaya. Akwai guda da ta bari rabi, da allurar a soke, yana nan har yau.

Na ɗauka na gyara ɓarnata, har na fara yabon kaina a zuci. Abin da na ƙi gani shi ne zaman ya canza. Ina shigowa, ina dafawa, tana karɓar ta uku da hannu ɗaya ta ajiye a gefe, wani lokaci ma ƙuda ne ke sha. Kirarin ma na daina, don ba a yi wa ta uku kirari. Labari ya ragu. Nakan ce a raina barci ne ke jan ta, ai abin da ake nema ke nan.

Da damina ta faɗi ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Aka kai ta Sakkwato, ta yi kwanaki, aka sallamo mu da magunguna da irin kallon da ba ya buƙatar fassara. Kafin mu fito na tare likitan a baranda na tambaye shi ko shayin nan ne ya jawo. Ya ce ciwo irin wannan hanyoyinsa da yawa, ba zai iya cewa shi ne ba. Na jira ya ce ba shi ba ne. Bai faɗa ba, don shi ba maƙaryaci ba ne irina. Na san rai na Allah ne, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma wannan amsa tasa ita nake kwana da ita.

Saura kwana huɗu ta rasu, ta ce a fito da ita ƙofar ɗaki bayan isha'i. An yi ruwa da yamma ya ɗauke, ƙasa tana ƙanshi, kwaɗi suna ta yi daga fadama. Matar ɗana ta jingina ta da matashi biyu, ta lulluɓe mata ƙafa, ta koma sashensu. Na hura gawayi. Da ta farko ta nuna, na ɗaga buta sama na zuba, kumfa ta tashi. Zan ajiye a gefe sai na ga ta miƙo hannu.

Na ce, "A'a. An hana. Taki na zuwa."

"Wa ya hana?"

"Likitoci. Da jikarki mai takardu." Sai kuma bakina ya kubce, abin da na riƙe wata da watanni ya fito. Na ce, "Shi ya hana ki barci shekarun nan duka. Ni na yi miki wannan, da hannuna. Ban sani ba."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Da ya lafa ta ce, "Malam, kai ne ba ka sani ba. Ni tun watan farko na sani."

Mafici ya faɗi daga hannuna. "Kin sani? Kina kallo na yanka zakara? Na gina ɗaki? Sauro ya cinye ni a zaure?"

"Zakaran dai ya ban tausai."

"Mi ya hana ki faɗi?"

Ta tara numfashi. Sannan ta ce a gidan babanta sai maza sun ci ake ba su abin da ya rage. A gidana ma haka, ni, sai baƙi, sai yara, sai ita da ƙanzo. Ba ta taɓa ganin laifin kowa ba, haka ta taras ana yi. Amma tun da aka haife ta babu wanda ya taɓa ba ta farkon wani abu, sai wannan ɗan kofin.

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Na ce, "Ai ni ma ba don girma na fara ba. Ɗacin nike gudu."

Ta ce, "Shi ma na sani. Ka ɗauka ban ga yadda kake kallon sukari ba? Amma dai da hannu biyu kake miƙowa."

Kofin yana hannuna, yana ƙona mini yatsu. In na ba ta, na san daren nan ba za ta runtsa ba, ga zuciya tana wahala. In na hana ta, na san abin da na hana. Na tsaya tsakani kamar jakin da aka ɗora wa kaya ba a nuna masa hanya ba. Ban ba ta ba, ban sha ba, ban ajiye ba, har ya huce a hannuna, gawayi ya mutu. Ita ma ba ta sake miƙo hannu ba. Har yau ban san ko na kyauta ba. Na tambayi jikata da ta zo zaman makoki, ta ce wannan ba ya cikin takardunsu.

Ina dafawa har yanzu, a ƙofar ɗakin nan, don hannu ya saba. Ta uku ta daina yi mini daɗi. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, wanda ko liman ya yi magana sai na sa tawa, akwai magana ɗaya da aka yi mini na kasa mayarwa. Ita ta yi ta, a daren nan, lokacin da ta ga na riƙe kofin na ƙi ba ta. Ta gyara kanta a kan matashi, ta dube ni kamar yadda ta dube ni ranar farko, ta ce:

"Malam, barci na nan gaba yana jirana, mai tsawo, ba mai tashe ni. Shi kake yi ma tanadi?"